Ranar da Muka Wanke Mai Wankan Gawa

Daga Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma. Gwaggo, yayar mahaifina, ta riga mu gidan gaskiya ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinta na ƙurya, a gidanmu na Agege. Kafin azahar tsakar gidan ta cika, har sai da aka shimfiɗa tabarmi a lungun da ke tsakaninmu da masallaci. Mahauta abokan Baba suka baro abbatuwa da takalman roba a ƙafa, ko tsayawa ɗauraye su ba su yi ba. Yarbawan layinmu suka yi ta shigowa suna "pele, pele", wato sannu, wasunsu ma sun fi mu kuka. Duk matar da ta zauna, bayan gaisuwa sai ta ce, "Ni ita ta wanke mini uwata." Wata ta ce 'yarta. Wata ta ce ƙanwarta da jaririn da ta bari. Shekara talatin da ɗoriya Gwaggo ce mai wankan gawar mata a unguwarmu.

Duk wanda ya tambayi abin da ya same ta, amsa ɗaya Ummata take bayarwa: "Gajeruwar rashin lafiya ce." Ina jin ta ina cizon leɓe. Shekara biyu da rabi ba gajeruwa ba ce. Ciwon daji ne na nono, ya ci ta tun daga ƙirji har hammata.

Ba tonon asirin mamaciya nake yi ba. Ita da bakinta ta ba ni izini, zan zo wurin. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne kada a manta da ita, kuma saboda 'yarta tilo, Yaya, mai aure a Mile 2 da 'ya'ya huɗu, tana ɗauke da ƙullutu a nononta na hagu yanzu haka da nake rubutun nan. Tsoro ya hana ni cin abincin kirki.

Ranar rasuwar, da aka ɗora ruwa, sai wata ta ce, "To wa zai wanke ta?" Mata suka yi ta kallon juna. Ba wanda ya taɓa tunanin ranar za ta zo. Ƙarshe matar liman ta miƙe, Umma ta bi ta, ni kuma na ɗauki buta, don na saba zuba wa Gwaggo ruwa idan tana aikin. Yaya ta taso za ta shiga, Umma ta tare ƙofa ta ce Gwaggo ta bar wasiyya kada ta shiga. Matar liman ta ɗaga zanen, ta ga ƙirjin. Can ta ce, "Allah Ya sa kaffara ne." Sai ta juyo ta dube ni, don ta san halina. "Abin da kika gani, nan ya tsaya."

Wannan ita ce ƙa'idar aikin, kuma Gwaggo ta fi kowa riƙe ta. Mai wankan gawa ba ta faɗin abin da ta gani a jikin mamaci. Amana ce. Yadda take faɗa shi ne, "Abin da ruwa ya gani, ruwa ya tafi da shi."

Gajeriya ce, baƙa, mai saurin tafiya kamar ana binta. Tana da wata jakar fata da ba ta rabuwa da ita: sabulu, ganyen magarya da take sa a kawo mata daga Arewa, kafur, turare, almakashi. Farin yadin likkafani kuwa da kanta take shiga motar danfo ta tafi kasuwar Jankara ta sayo, ta tsaya tana ciniki da Yarbanci har mai shagon ya ce, "Alhaja, ɗauka ki tafi, kin gajiyar da ni." Ba ta aune mutum da tef. Kallo ɗaya za ta yi maka ta san yadin da zai ishe ka. Shi ya sa matan unguwa ke tsokanarta idan ta ƙura musu ido a wurin biki: "Gwaggo, daina kallona, ban shirya ba." Ita kuma ta ce, "Ke da kika ƙara ƙiba, sai an ƙaro yadi." Masu ciki kan sauya hanya idan sun hango ta da jakar. Ta sani, ba ta taɓa nuna ta damu ba.

Ni Reza take ce mini, wai bakina ya fi na aska kaifi. Yaya kuwa Gwaggo ba ta taɓa kiran sunanta ba, ko sau ɗaya, saboda 'yar fari ce. A Legas aka haifi Gwaggo, a nan aka haifi ubanta, amma wannan kunyar ta riƙe ta kamar jiya ta zo daga ƙauye. "Mutuniyar Mile 2" take ce mata, ko "waccan". Idan Yaya ta zo gaishe ta, sai ta kawar da kai ta tambaye ta yara da maigida, ta ƙulla mata kuka da daddawa a leda ta ba ni in miƙa mata. Bayan ta tafi sai ta tsaya a bakin ƙofa har okadar da ta ɗauke ta ta sha kwana.

Akwai wata mata 'yar Nijar da ta taɓa rasuwa a rumfar mai shayi kusa da tasha. Ba wanda ya san danginta. Maza suna ta shawarar a kira hukuma su kwashe ta. Gwaggo ta ratsa su ta ce, "Musulma ce, ga carbi a wuyanta. Ku kawo ta ɗakina." A kan tabarmarta ta wanke ta, ta naɗe ta da yadin da ta ajiye wa kanta. Da Baba ya ce mata ai wannan naki ne, sai ta ce, "Jankara ta ƙone ne?"

Rigimarmu ta farko ina 'yar shekara sha bakwai. Na bi ta wankan wata maƙwabciyarmu, matar wani dillalin fata. Abin da na gani a ƙirjin matar nan ya sa butar ta kusa suɓuce mini. Muna fitowa, tun ba mu bar ƙofar gidan ba, na ce, "Gwaggo, mene ne wancan?"

Ta kama kunnena ta murɗe. "Kin ga wani abu ne?"

"Na gani mana. Ina da ido."

"To ruwa ya tafi da shi."

"Ƙannenta fa? Ba za a faɗa musu ba? In su ma suna da shi fa?"

"Ke likita ce? Ko ke kika halicce su? Reza, in kika kuskura na ji maganar nan a bakin wani, ni da ke har abada."

Sati guda ba ta amsa gaisuwata ba. Na yi shiru. Bayan 'yan shekaru aka aiko kiran Gwaggo gidan ƙanwar matar. Ni ban je ba. Da ta dawo ta ajiye jakar, ta zauna a bakin gado, shayi da burodin da na kai mata suka huce a gabanta. Ban tambaye ta ba, ita ma ba ta faɗa ba. Na dai san abin da ta gani.

Asibiti kuwa ba ta son ko a ambata. Dalilinta ɗaya ne, kuma tana faɗinsa a bainar mata, ba tare da kama suna ba: "Duk wadda suka yanke wa nono, hannuna take dawowa. Ni nake ganin ɗinkin." Mata suka ɗauki maganar tamkar aya, don wa ya fi ta sani? Ni ma na yarda. Da takardar sakandarena da bakina da komai, ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa matattu kaɗai ake kawo mata ba.

Hannun hagu ne ya tona ta. Gwaggo, wadda za ta buge maka hannu in ka miƙa mata abu da hagu, wata safiya ta miƙo mini kofi da hagu. Na ce, "Yau ke ce da hagu?" Ta ce sanyin ƙashi ne. Sai na fara lura. Ta daina ɗaga hannun dama ta yi shanya. Ta koma saka babban hijabi har a cikin ɗaki, da zafin nan na Legas. Turaren da take zuba wa jikinta ya yi yawa, kuma a ƙarƙashinsa akwai wani wari da na taɓa ji sau ɗaya a rayuwata. Ni ban iya jira ba. Wata rana na ga ta shiga da ruwan zafi ta saki labule, na banka na shiga ba sallama.

Tana zaune tana canza tsumma. Ba zan siffanta ba. Ta ɗago ta dube ni, ba ta ko yi yunƙurin rufewa ba.

"Tun yaushe?" na ce.

"Ya fi shekara. Kamar ƙwayar gyaɗa ya fara. A wanka na ji shi."

"Kika yi shiru?"

"Ba ya ciwo a lokacin. Abin da ba ya ciwo me za ka kai wa likita?"

A gefenta akwai wani gwangwani mai baƙin man shafawa, irin wanda wani mai magani ke sayarwa a ƙarƙashin gada, wai yana narkar da kowane kumburi. Shi take shafawa, ta gasa da ruwan zafi. Na fita na faɗa wa Umma, Umma ta faɗa wa Baba. Baba ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakin, mutumin da ke kayar da bijimi, yana roƙonta kamar yaro. Ta ce, "Ni na goya ka. Ba za ka kai ni su yanka ni kamar shanunka ba. Da jikina cikakke zan je gaban Ubangijina." Ta sa muka yi alkawarin Yaya ba za ta ji ba. Na zazzaga mata rashin kunyar da har yau nake neman gafararta. Na ce wannan ba tawakkali ba ne, taurin kai ne. Ta ce, "Fita ki ba ni wuri."

Sai da ta yanke jiki ta faɗi a wurin alwala, bayan wata da watanni, sannan muka ɗauke ta. Likita ya ce abin ya riga ya shiga ƙashin baya da huhu. Ko yankan da take gudu ma ya wuce. Sai dai a rage mata zafi.

Wata nas 'yar Jos, mai jin Hausa, ta same ni a baranda ina zagin kowa da kowa. Na faɗa mata maganar Gwaggo, cewa duk wadda aka yanka mutuwa take yi. Ta ce, "Aikin me mamanku take yi?" Na faɗa mata. Sai ta ce, "To ai waɗanda suka warke ba sa zuwa wurinta. Suna kasuwa." Na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Ta ce yawancin waɗanda Gwaggo ta wanke da ɗinki a ƙirji sai da abin ya gama yaɗuwa aka kawo su, kamar yadda muka kawo ta. Ta ja ni wani ɗaki ta ce in tsaya gaban madubi. Ta koya mini: sau ɗaya a wata, bayan jinin al'ada ya ɗauke da 'yan kwanaki, ki tuɓe ki duba da idonki, hannuwa a ƙasa, sannan ki ɗaga su. Ki ga ko ɗaya ya sauya siffa, ko fata ta lotsa, ko ta koma kamar ɓawon lemo, ko kan nonon ya shige ciki, ko yana fitar da ruwa ko jini. Sannan ki kwanta, ki sa cikin yatsu uku ki bi ko'ina kina dannawa a hankali, har cikin hammata. Ta ce ba kowane ƙullutu ne daji ba, da yawa ba shi ba ne, amma yatsa ba ya bambancewa, sai gwaji. "Kuma kar ki jira ya yi ciwo. Shi da farko sau da yawa ba ya ciwo."

Saura kamar wata guda Gwaggo ta rasu, Iya mai tattasai ta zo duba ta. Bayarabiya ce, teburinta na bakin layinmu tun kafin a haife ni, kullum tana faɗa da masu okada. Warin ɗakin ya gaya mata komai. Ta saki labule, ta ce da gurɓatacciyar Hausarta, "Alhaja, me ya sa ba ki faɗa mini?" Sai ta ɗaga rigarta ta buba, ta zaro wani dunƙulen tsumma daga rigar mama. Gefen dama babu komai, sai dogon tabo da ya daɗe da warkewa. "Shekara tara. Ƙarami ne na kai shi. Ga ni ina sayar da tattasai."

Kullum muna wuce ta. Kullum Gwaggo na ciniki da ita. Iya ma kunya ta sa ta ɓoye.

Gwaggo ta ce ta matso. Ta miƙa hannun hagu ta ɗora yatsunta a kan tabon, ta bi shi daga farko har ƙarshe, yadda na sha ganin tana yi. Sai ta ce, "Da ɗumi."

Washegari da safe ina goge mata jiki ta ce, "Reza."

"Na'am."

"Na waɗancan ba zan faɗa ba, amanarsu ce, da ita zan tafi. Amma nawa, nawa ne. Ki faɗa. Sai dai ki bari sai kun kai ni, ba na son idon mutane." Ta huta. "Ki fara da..." Sai ta kira sunan Yaya. Cikakken sunanta na yanka. Ban taɓa jinsa a bakinta ba, har na ɗan tsaya ina tunanin wa take nufi.

Amma da aka kai ta, ni mai bakin reza na kasa. Matar liman ta ja mini kunne, Umma tana ta roƙona kada in jawo wa gidan surutu. Kwana biyu ina ta kai da kawo da kwanukan masu gaisuwa, ban faɗa wa kowa ba.

Safiyar kwana na uku na shiga ɗakin Gwaggo zan tattara magunguna in zubar, na ga babu gwangwanin baƙin man nan. Na tambayi Umma, ta ce ba ta gani ba. Na nufi ɗakin da Yaya ta sauka, na ɗaga labule. Tana zaune ta kwance ɗaurin ƙirji, gwangwanin a buɗe a kan cinyarta.

"Ke ba ki iya sallama ba ne?" ta ce tana janyo zane.

"Tun yaushe, Yaya?"

"Me?"

"Tun yaushe?"

Ta kawar da kai, irin na uwarta sak. "Wata uku. Ɗan ƙarami ne, ba ya ma ciwo. Na ga Inna ta ajiye maganin, na san don masu nema take ajiyewa."

"Gobe za mu je asibiti."

"Allah Ya kiyaye. 'Ya'yana huɗu. Inna ta sha faɗa, duk wadda suka yanka..."

"Inna shi ya kashe ta."

Haka na faɗa, ba kwana-kwana. Na ce man nan nata ne, gwangwani na nawa ne ma ban sani ba. Na faɗa mata hijabin, da turaren, da hannun hagu, da dalilin da ya sa aka tare ta a ƙofa. Na faɗa mata na Iya. Ta yi ta kallona kamar ba Hausa nake yi ba.

"Ƙarya kike yi. Uwata ce. Da ta faɗa mini."

"Ta faɗa miki? Matar da ko kallon idonki ba ta yi?"

"To shi ke nan. Tunda ba ta ga na isa in sani ba, ki bar ni in bi ta." Ta ɗauki murfin gwangwanin tana ƙoƙarin rufewa, ya ƙi zama.

Na ce, "Ita ta aiko ni. Ta ce in fara da ke. Kuma sunanki ta kira."

Murfin ya faɗi ƙasa ya yi ta juyi. Yaya ta ce, "Wane suna?"

Na faɗa mata.

"Da bakinta?"

"Da bakinta."

Kukan da ba ta yi ranar rasuwar ba, ranar ta yi shi. Washegari muka shiga danfo, ni da ita da Iya, wadda ta bar wa 'yarta tebur. A asibiti sun ɗauki hoto, sun sa allura sun ɗebi ɗan abin za su auna. Likita ya ce ba zai ce komai ba sai sakamako ya fito, amma ya ce gara da aka zo yanzu.

Ranar addu'ar bakwai, bayan an shafa fatiha, na miƙe a tsakiyar mata na faɗi abin da ya kashe Gwaggo. Matar liman ta ce, "Yarinya, kin ci amana." Na ce, "Mai amanar ce ta sauke mini." Wasu suka ja mayafi suka fita. Umma ta sunkuyar da kai. Na nuna wa waɗanda suka rage yadda nas ta koya mini, a kan rigata, yatsu uku. Ba wadda ta yi dariya. Na ga wata a can baya ta cusa hannu a ƙarƙashin hijabinta, ta daɗe ba ta fito da shi ba.

Jakar fatar tana rataye a ɗakina yanzu. Ba na son kallonta. Alhamis mai zuwa za mu koma karɓar sakamako, kuma duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai in yi saurin ɗauka. Yaya ce take kira, kullum bayan ta kai yara makaranta. Ba ta tambayata komai game da asibiti. Cewa take yi, "Sake faɗa mini yadda ta kira shi." Sai in kwaikwayi muryar Gwaggo in faɗa. Sai ta ce, "To. Alhamis ki zo da wuri, kar mu makara."

Allah, wadda ta suturta bayinKa shekara talatin, Ka suturta ta. Ka yafe mata shirun da ta yi, Ka yafe mini wanda na yi tare da ita. Ka sanyaya makwancinta. Ita kuma 'yar da ta kira sau ɗaya, Ka bar mana ita.